Barau Mai Awon Ruwan Kwarin Ɗinya

Duk wanda ya san Kwarin Ɗinya, ƙauyen nan da ke kwance a gangare kusa da Mallawa, ya san Barau mai awon ruwa. Ba dukiya ta sa aka san shi ba, ba kuma sarauta ba. Wani gungume ne kafe a fili bayan gidansa, da kwalbar roba mai zanen lambobi a bisansa. Wannan kwalba ita ta kai sunan ƙauyensu har gidan rediyo.

Gidansu gidan noma ne da kiwo. Ubansa yana da 'yan shanu, da gonar tudu ta gero da wake, da wata 'yar fadama da ake dasa rake. Cikin 'ya'yan gidan, Barau kaɗai aka kai lakwal, wato makarantar boko, a Mallawa. Ya kai aji shida, sertifika ta ƙi shi har sau biyu, ya dawo gida ya ɗauki hauya. Abin da ya dawo da shi bai wuce biyu ba, kyawun rubutu da son ganin abu ya tafi daidai.

Yana da shekara talatin da 'yan kai wani malamin gona mai suna Souleymane ya zo daga Magaria, lokacin Dungas ba ta samu gashin kanta ba. Ya tambayi maigari wa ya iya rubuta lamba, aka nuna masa Barau. Souleymane ya kafa gungumen da hannunsa, ya ɗora kwalbar, ya ba shi kaye, wato littafin rubutu, da bik na rubutawa.

Ya ce, "Kullum da safe ka zo ka duba, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ka daidaita idonka da bakin ruwan, ka rubuta abin da ka gani. In ruwa ya yi yawa ka ga kwalba za ta cika, kada ka bari ta yi ambaliya. Ka karanta, ka zubar, ka mayar da ita."

Barau ya riƙe wannan magana kamar wasiyya. Da fari ranar kasuwa yake ba da takarda a kai biro, wato ofishin malaman gona, daga baya da salula ta zo ya riƙa kira. In damina ta kama, mutanen gari sukan taru gindin rediyonsa da rana, su ji an ce, "Kwarin Ɗinya, milimita talatin da biyu." Sai a dube shi a yi murmushi, kamar shi ya zubo ruwan.

Matarsa Yalwa 'yar Dantchiao ce, gajera, mai saurin dariya, mai tuyar ƙuli-ƙuli da ake layi a kansa a kasuwar Mallawa. Ita ba ta taɓa yarda da kwalbar ba. In an yi ruwan farko ya dawo daga bayan gida, sai ta ce, "Malam, me 'yar robarka ta ce?"

"Sha takwas."

Sai ta ɗauki zanenta ta ɗaura, ta fita bayan danga, ta tona ƙasa da hannu har sai ta iske busasshiya. Ta dawo tana kakkaɓe yatsu. "To, ƙasa ta ce a dakata. Wanda ya shuka yau ya ciyar da tsuntsu."

Wata shekara ita ke da gaskiya, wata shekara shi. Wanda aka kayar yakan sha tsiya har kaka. Sun haifi 'ya'ya shida, Allah ya bar musu biyu. Najib, namijin, ya yi aure ya zauna gida yana noma, yana ɗan kai awaki tsallaken iyaka. Zulai kuwa aka kai ta Dungas.

Haka suka zauna har furfura ta cika musu kai. Sai wata damina ta zo wadda tsofaffin gari suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. A watan takwas aka kwana biyu ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, tafkin kwari ya cika ya tumbatsa har ya taɓa gidajen gangare. A rana ta uku bayan azahar aka sake tsinkewa da wani kamar da bakin ƙwarya. Kafin la'asar ɗakuna goma sha huɗu sun zube a garin. Ɗaya daga ciki ɗakin Yalwa ne, tana kwance ciki da zazzaɓi. Maza suka tona da hannu da fartanya cikin ruwan, suka fito da ita ba rai.

Abin da gari ya sani ke nan. Aka yi zaman makoki, aka ce kwana ya ƙare, aka watse. Barau bai sake aure ba. Ya kafa rumfar kara a tsakar gida, ya rufe ta da tsohon kwano, can yake wuni. Magana ta yi masa wuya. Amma awon ruwa bai fasa ba ko rana ɗaya, har wasu suna cewa ai Malam Barau dutse ne.

Shekara uku bayan haka, farkon damina, ɗan kabu-kabu ya sauke wata budurwa a ƙofar maigari. Sunanta Salima, ɗaliba ce daga Damagaram, tana bincike a kan yadda manoma ke rayuwa da ruwan sama da ya sauya hali. Ta yi sati biyu tana bin gidaje ɗari biyu a ƙauyukan kwarin da takardar tambayoyi: dami nawa aka samu, dabba nawa ta mutu, ɗaki nawa ya faɗi. Ta tara mata a inuwa daban, maza daban, ta ji ta bakinsu. Daga nan aka kawo ta wurin Barau.

Da ya buɗe akwatin ƙarfe ta ga kaye talatin da ɗaya jere, kowane da shekararsa a bango, sai da ta rufe baki da hannu. Ta kwana huɗu tana zuwa, tana zama kan tabarma a rumfarsa, tana juye lambobin cikin na'urarta. Barau ya ji daɗin haka fiye da yadda ya nuna. Rabon da wani ya buɗe waɗannan kaye tun Souleymane ya yi ritaya.

A rana ta biyar ta zo da 'yar damuwa a fuska. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, akwai wata rana da na'ura ta ƙi yarda da ita. Nan, shekara uku baya, sha tara ga watan takwas. An rubuta casa'in da shida, sannan a ƙasa an ƙara arba'in da bakwai. Ɗari da arba'in da uku ke nan a yini guda, alhali ma'aunin Mallawa bai kai haka ba. Kuma rubutun na biyu kamar ba hannunka ba. Malamina ya ce in kuskure ne in cire ta, kada ta karkatar da lissafi. Ko dai an maimaita ne?"

Barau ya dubi shafin. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙa hannu ya karɓe kayen, ya rufe, ya tattara sauran ɗaya bayan ɗaya ya mayar akwati.

Ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ban taɓa rubuta abin da ban gani ba. In na'urarki ta fi ni sani, ta je ta auna da kanta. Sauka lafiya."

Salima ta tashi ta tafi. A gidan maigari aka gaya mata abin da ya faru a wannan rana.

Sati biyu ba ta dawo ba. Barau ya ce a ransa ya huta, amma kullum ya ji ƙarar moto sai ya ɗaga kai. Ya san yarinyar ba da mugun nufi ta yi ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne, ita ce mutum ta farko da ta taɓa tsayawa a kan wannan shafi.

Ranar da ta dawo ba ta same shi gida ba, yana gonar tudu yana maimai. Ta bi shi can da ƙafa, ba na'ura, ba takarda, sai 'yar rikoda a jaka. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, suka koma gindin kanya a bakin gona.

Ta ce, "Baba, na zo neman gafara. A takarduna an rubuta ɗakuna goma sha huɗu, rai ɗaya. Da hannuna na rubuta, ban tambayi ran wa ba. Allah ya jiƙan Inna."

"Amin. Ya wuce, 'yata."

"Ban cire lambar ba. Na gaya wa malamina tana nan daram."

Ya gyaɗa kai. Ya ɓare goro ya miƙa mata ɓari.

Sai ta yi masa bayanin abin da ya rage na aikinta. Ta ce lambobi sun nuna mata yawan ruwan da ya sauka da yawan abin da ya ɓata. Taron inuwa ya ba ta abin da mutane ke faɗa in suna tare. Amma akwai abin da ba ta samu ba, wato yadda abin yake a jikin mutum guda, shi da ya kwana ya tashi a cikinsa. Wannan ba a samunsa da takardar tambaya. Sai an zauna an saurara.

Ta ce, "Malamina ya ce in zan shiga irin wannan zance, in tuɓe abin da na sani in bar shi a bakin ƙofa kamar takalmi. Ni kuwa wancan karo da takalmina na shigo maka. In ka yarda, ka ba ni labarin ruwa guda ɗaya, wanda ka ga dama. Ba nawa ya zuba ba. Yadda ya same ka, tun daga ganin hadari. In ba ka so, wallahi ba komai."

Barau ya fara da abin da ya saba. Ya ce shekarar kaza ruwan shuka ya sauka ranar kaza, milimita kaza. Ta bar shi ya yi ta jerowa har ya gaji don kansa. Can gabas hadari ya ɗan fara haɗuwa, ta ga ya waiga ya dube shi sau biyu.

Ta ce, "Yanzu da ka dubi gabas, me ya faru?"

Ya ce, "Da can in na ga wannan, cikina ke yin fari. Yanzu kunnena ke tashi."

"Tsoro ke nan?"

"Ke kika ce tsoro."

Ta sunkuyar da kai. "Haka ne, Baba. Na janye. Kai yaya za ka faɗe shi?"

Ya sake duban hadarin. Sannan ya ce:

"Ba tsoro ba ne. Mai tsoro gudu yake yi. Ni saurare nake. Kin san bangon ƙasa yana magana kafin ya faɗi? Wani ɗan ƙas-ƙas yake yi, kamar ɓera na cin gyaɗa a rumbu. To da zarar ɗigon farko ya bugi kwano, duk jikina sai ya zama kunne. Ina jin bangon Najib, ina jin na maƙwabta, har na masallaci. Ba na iya zama cikin ɗaki. Ko abinci ke bakina sai na fito. Mutane na murna ana ruwa, ni ina zaune ina gadin abin da ba a ba ni gadinsa ba."

Ya tofar da goron. Muryarsa ta sauka.

"Ranar nan tana kwance, zazzaɓi ya kwana biyu a jikinta. Ina zaune bakin gado ina ba ta kunu da ludayi. Ta sha uku ta ce ya isa. Ruwa na zuba, ni kuwa hankalina na kan kwalba, don na san ta kusa cika. Na miƙe na ɗauki buhu na rufa a ka. Sai ta ce, 'Malam, bangon nan fa yana zufa.' Na juya na duba. Gaskiya ne, ya yi baƙi tun daga ƙasa har kusan ƙugu. Na ce mata, 'Bari in zubar da kwalba in dawo in mayar da ke ɗakin Najib.' Ta ce, 'To.' Iyakar maganarmu ke nan."

Ya ci gaba.

"Daga ɗakin zuwa gungume taki arba'in ne. Na je. Ruwa ya kusa baki. Na tsuguna na daidaita ido yadda aka koya mini, don iska na kaɗa shi sai da na jira ya natsu. Casa'in da shida. Na zubar, na mayar. Da a ce daga nan na wuce ɗaki, da wataƙila. Amma sai na ratse zaure, don kada in manta lambar. Na ciro kaye daga leda, bik ya ƙi kamawa don sanyi, na yi ta goga shi a tafin hannu. Ina rufe wutsiyar shida na ji shi. Ba ƙara mai yawa ba ce. Kamar an sauke buhun gero daga kan jaki."

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Ba a samu binne ta ranar ba. Duk inda aka sara a maƙabarta sai ruwa ya ɓullo. Sai washegari da hantsi aka kai ta can kan tudu. To kafin a ɗauke ta, da safe, tana kwance an lulluɓe ta, gida cike da mata, ban san lokacin da ƙafata ta kai ni bayan gida ba. Na tsinci kaina tsugune gaban kwalba. Arba'in da bakwai. Shi ne rubutun da kika ce ba hannuna ba. Hannuna ne. Wane irin mutum ne matarsa na kwance ba a binne ba ya tafi awon ruwa?"

Ta gane ba ita ya tambaya ba. Hawaye na zuba a fuskarta, ta bar su. Bayan wani lokaci ta ce, "Wa ka taɓa gaya wa maganar bangon?"

"Ke ce ta fari."

"Ko Najib?"

"Yaya zan dubi ɗa in ce masa uwarsa ta nuna mini bango na tafi wurin roba?"

Ta tambaye shi ko ya yarda ta sa wannan a aikinta, ta sauya suna da gari. Ya ce ta sa. Iska ta taso, ganyen gero ya fara kaɗawa, ya miƙe ya saɓa hauya ya ce su yi sauri su kai gida.

Salima ta zauna irin wannan zama da wasu mutum tara a ƙauyukan kwarin. Da ta koma Damagaram ta yi ta sauraron muryoyinsu, sai ta lura ba Barau kaɗai ya yi zancen kunne ba. Wata tsohuwa ta ce ita in ana ruwa tsaye take kwana a bakin ƙofa da jikarta a baya. Wani ya ce ya daina jin ƙamshin ƙasa. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a takardar tambayoyinta ta farko, don ba ta san da shi ba balle ta tambaya. Sai ta ƙara tambaya guda, da kalmomin da ta ji a bakinsu, ta dawo bayan girbi ta sake bin gidajen nan ɗari biyu.

Da ta gama ta biyo ta wurin Barau. Ta same shi a rumfa yana gyaran igiyar shanu.

Ta ce, "Baba, na tambayi mutane ko akwai wanda ba ya iya zama cikin ɗaki in ana ruwa mai ƙarfi, tun daga waccan shekara. Cikin gida ɗari biyu, gida sittin da uku aka ce akwai."

Ya ajiye igiyar. "Sittin da uku?"

"Sittin da uku. Kuma kusan kowa ya ce shi kaɗai ne, bai taɓa faɗa wa kowa ba."

Barau ya yi ta juya lambar a bakinsa. Shi mutum ne da lamba ke shigarsa fiye da lallashi. Duk ta'aziyyar da aka yi masa shekara uku ba ta taɓa shi kamar wannan ba. Sai can ya ce, "A gidan nan mutum nawa aka ce?"

Ta ce, "Wannan amana ce, Baba. Yadda ban kai taka wurin kowa ba, haka ba zan kawo maka ta wani ba."

Bai matsa ba. Amma bayan ta tafi ya zauna yana tunani. Ya tuna duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, yana zaune a rumfa, yakan ga Najib ya fito da buhu a ka ya nufi garke, wai zai duba shanu. Shanun da ke ɗaure lafiya lau a turakunsu. Yakan tsaya can cikinsu har ruwa ya ɗauke. Shekara uku yana ganin haka, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Kwana biyu bayan haka suna zuba dami a rumbu, Najib na sama yana karɓa, Barau na miƙa masa. Da suka gama Najib ya sauko, Barau ya ce ya zauna. Suka zauna a inuwar rumbun. Ya gaya masa duka, tun daga kunu har wutsiyar shida, bai rage komai ba. Yana magana yana duban ƙasa, yana jiran abin da zai biyo baya.

Da Barau ya ɗaga kai sai ya ga ɗan nasa, magidanci mai 'ya'ya uku, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi kafaɗunsa na rawa.

Da ya samu murya ya ce, "Baba, ni ta fara gaya wa. Sati guda kafin ruwan. Ta kira ni ta nuna mini tsaga a gindin bangon, ta ce in kwaɓa ƙasa in toshe, in sa gwafa in tokare. Na ce sai na dawo daga kai awaki. Na dawo na ce gobe. Goben nan ce ruwa ya tsinke. Kullum na gan ka zaune a rumfar nan sai in ce ka sani, shi ya sa ba ka yi mini magana."

"Ni kuwa na ɗauka kai ne ka sani."

Suka zauna haka, ba mai duban wani. Kaji na tsattsagar tsabar da ta zube a gindin rumbu. Daga baya Barau ya ce, "Kwananta ne ya ƙare." Najib ya ce, "Haka ne." Maganar da aka yi ta faɗa musu ce tun ranar makoki, sai dai wannan ne karo na farko da suka faɗa wa juna. Ba ta ɗauke musu nauyin ba. Amma daga ranar, in hadari ya taso, Najib ya daina zuwa garke. Yakan zo rumfa ya zauna kusa da ubansa har ruwa ya wuce.

Damina guda kawai suka samu a haka. Da rani ya shigo, sai yanar ido ta fara rufe wa Barau gani. Da ruwan farko ya sauka ya je ya tsuguna gaban kwalba, ya ga ruwa amma bai ga zanen ba. Ya kira biro ya ce su zo su ɗauki kayansu. Aka tumɓuke gungumen aka kai shi farfajiyar lakwal. Zulai ta zo ta tafi da shi Dungas don a yi masa aiki. Ido ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan ya tafi ke nan. Ta ce ba zai koma ba, ta ba shi ɗaki na siminti a gidanta.

Can Salima ta same shi bara, da littafinta mai kauri cikin Faransanci. Ta zauna ta juya masa nasa sashen zuwa Hausa, a hankali, Zulai na tsaye bakin ƙofa tana ji. Akwai jadawalin ruwan shekara talatin da ɗaya, akwai gida sittin da uku, akwai kuma maganar wani tsoho da aka sauya wa suna. Ya saurara ido rufe. Da ta kai inda ta rubuta cewa matar ta roƙi mijinta ya fitar da ita, sai ya ɗaga hannu.

"A'a, 'yata. Ba ta roƙe ni ba. Yalwa ba ta iya roƙo ba. Cewa ta yi bangon yana zufa. Na ce zan dawo, ta ce to. Kada ki ƙara mata abin da ba ta faɗa ba."

Salima ta ciro bik ta soke layin, ta rubuta daidai a gefen shafi, ta ce za ta gyara a na jami'a ma. Ta karanta masa gyaran, ya ce yanzu ya yi.

Yana nan Dungas har yau. Ya rame, ba ya nisa da ƙofar gida. Ranar kasuwa Najib kan zo a moto da ɗan gero ko nono a gora, su zauna su yi hirar shanu da gona, har la'asar ta yi sanyi ya kama hanya.